Tambaya: tokin ɗin zinare da na gidaje, ta ina mutum zai san kayan suna nan da gaske?

Maman_Ilham

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah masana harkar kirifto ku taimaka min da bayani. Ni dai tun da na fara 'yar sana'ata in kuɗi suka ɗan taru zinare nake saya, ɗan kunne ko zobe ko 'yar sarƙa, in ajiye, ranar da buƙata ta taso in kai a auna a ba ni kuɗina. To kun san in za ka saya akwai kuɗin aiki a ciki, in za ka sayar kuma sai an zabge, ga fargabar ajiye shi a gida a wannan zamanin. Shi ne ƙanina yake ce min wai yanzu akwai zinare na intanet, tokin ake ce masa, ka saya a waya ko na dubu ashirin ne, kuma wai kowane ɗaya akwai zinare na gaske da aka ajiye a madadinsa a Landan ko Suwizalan. Ban gama da wannan ba sai ga shi a wani gurup ɗinmu na WhatsApp an kawo tallan wani kamfani nan gida, wai sun yanka gidajen haya zuwa tokin, ka sayi rabonka duk wata a turo maka kuɗin haya.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne zinaren da ke hannuna ina ganinsa ina taɓa shi, wancan kuwa lamba ce kawai a waya. Wa ya ga zinaren? Wa ya ƙirga? In kamfanin ya ce yana da kilo dubu alhali ɗari ne da shi ta ina zan sani? Kuma dole ne a doka su bayyana abin da suka ajiye ko kuwa ganin dama ne? Da na tambayi ƙanin nawa sai ya ce ai komai yana kan bulokcen ba a iya ƙarya a can, ni kuma amsar ba ta kwanta min ba. Don Allah a yi min dalla-dalla, ban yi nisa a harkar ba. Na gode.

Abu_Sadiq

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar ƙaninki rabinta gaskiya ne. Bulokcen, wato kundin intanet da ake rubuta duk cinikin kirifto a ciki, zai nuna miki tokin nawa aka buga, suna walet ɗin wa (walet shi ne asusun da mutum yake ajiye tokin ɗinsa), yaushe suka tashi daga nan zuwa can, wannan duk kowa zai iya dubawa kuma ba a gogewa. Amma bulokcen ba shi da ido a Landan, bai san ko akwai zinare a ɗakin ajiya ko babu ba, abin da ɗan Adam ya rubuta masa shi yake riƙewa. Don haka duk tokin ɗin da aka ce akwai kadara a bayansa, zinare ne ko gida ko dala, amanar tana wajen mutanen da ke riƙe da kayan ne ba wajen kwamfuta ba.

Bari in ba ki misali da wanda na fi sani, PAXG na kamfanin Paxos da ke New York, a 2019 suka fito da shi. Tokin ɗaya oza ɗaya ce ta zinare, wato giram 31.1, kuma ana iya sayen ɗan gutsure ba sai cikakke ba. Zinaren kansa manyan sanduna ne irin na kasuwar Landan, kowace sanda wajen oza 400, kusan kilo 12 da rabi kenan, suna ajiye a ma'ajiyar Brink's a Landan. Abin da ya sa nake kawo shi shi ne a shafinsu akwai wurin da za ki saka adireshin walet ɗinki ya fito miki da lambar sandar da rabonki yake ciki da nauyinta da tsabtarta, sannan duk wata wani kamfanin akantoci na waje yana fitar da takarda cewa tokin ɗin da ke yawo sun yi daidai da zinaren da ke ajiye. Irin wannan shi ake cewa bayyana abin da ke baya. Akwai kuma XAUT na kamfanin Tether, nasu zinaren a Suwizalan yake, ina jin su biyun nan ƙaninki yake nufi.

Amma ga abubuwa biyu da masu talla ba sa faɗa. Na farko wannan duba lambar sandar sai in tokin ɗin yana walet ɗinki na kanki, in a kan manhajar kasuwa kika bar shi irin su Binance to a bulokcen sunan kasuwar ne a kai ba naki ba, kin ga amana ta zama hawa biyu kenan, kin amince wa mai zinaren kuma kin amince wa kasuwar, kuma kowa ya ga abin da ya faru da kasuwar kirifto ta FTX a Nuwamban 2022 da ta durƙushe kuɗin mutane suka maƙale. Na biyu, in kika ce a ba ki zinarenki a hannu ba za a yanko miki giram goma a aiko Kano ba, sanda guda ake bayarwa kuma a Paxos sai kina da tokin 430 kafin a yi wannan maganar. Irinmu masu ɗan kaɗan galibi hanyar fitarmu ita ce mu sayar wa wani a kasuwa. Ba wai zamba ba ce, haka tsarin yake, amma gara ki sani tun kafin ki saka kuɗinki.

Akanta_Zariya

Malam Abu Sadiq ya yi bayani mai kyau, ni a kan takardar nan ta akantoci zan ɗan tsaya saboda aikina ne kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Takarda iri biyu ce. Akwai takardar shaida, wato kamfani ya ce ranar kaza da ƙarfe kaza muna da kaza a ajiye, akanta ya zo ya duba wannan maganar kaɗai ta wannan ranar kaɗai ya sa hannu. Akwai kuma cikakken odit, shi wannan ana bin littattafan kamfani ne na shekara guda, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ake binsu, wa suka ba rance, ko an jinginar da kayan a wani wuri. Yawancin masu tokin ta farkon suke nunawa amma a talla sai ka ji an ce an yi musu odit.

Me ya sa bambancin yake da muhimmanci? Labarin Tether mai USDT, tokin ɗin da aka ce kowane ɗaya akwai dala ɗaya a bayansa, ya isa misali, kuma ba jita-jita ba ce, hukumomin Amurka ne suka rubuta. Ofishin antoni janar na jihar New York ya gano cewa a Satumban 2017 da aka fitar da takardar cewa kuɗin suna nan cif, da safiyar ranar da za a duba ɗin aka zuba kuɗin a asusun. Haka a ranar 1 ga Nuwamban 2018 suka nuna wasiƙa daga wani banki a Bahamas cewa dalolin sun cika, washegari aka fara kwashe ɗaruruwan miliyoyi ana kai wa Bitfinex, kamfanin da suke uwa ɗaya, domin toshe ramin wajen dala miliyan 850 da suka maƙale masa. A Fabrairun 2021 suka biya tarar dala miliyan 18.5 aka kuma ɗora musu dole su riƙa kawo rahoton abin da suka ajiye duk wata uku. A Oktoban shekarar kuma hukumar CFTC ta ci su tarar miliyan 41, ta ce a cikin wata 26 da ta duba tsakanin 2016 da 2018, kashi 27.6 cikin ɗari na kwanakin ne kawai suke da isassun kuɗi a bayan tokin ɗin. Duk tsawon lokacin nan a bulokcen komai lafiya lau yake, ba abin da za ka gani.

Ba ina cewa yau haka suke ba, tun 2022 sun daina riƙe takardun bashin kamfanoni sun koma mafi yawa kan takardun bashin gwamnatin Amurka, kuma kamfanin akantoci na BDO na Italiya yana sa hannu a takardar shaidarsu duk wata uku. Abin lura shi ne ba don Allah suka fara bayyanawa ba, hukuma ce ta matsa.

Sannan ko an bayyana adadi, sai an bayyana a INA kuɗin suke. Kamfanin Circle mai USDC, wani tokin ɗin dala, su suna cikin waɗanda suka fi yawan fitar da bayani, amma ranar Juma'a 10 ga Maris 2023 bankin Silicon Valley ya durƙushe, sai suka fito suka ce dala biliyan 3.3 daga cikin wajen biliyan 40 na ajiyarsu suna can ciki, kafin gari ya waye tokin ɗin da ya kamata ya tsaya a dala ɗaya ya sauko wajen santi 87, sai da gwamnati ta ce ranar Lahadi za ta biya duk masu ajiya a bankin sannan ya dawo.

Maganar doka da kika tambaya Hajiya, ya danganta da ƙasa da kuma irin tokin ɗin. A Amurka ranar 18 ga Yulin 2025 Trump ya sa hannu a dokar GENIUS, ta wajabta wa masu tokin ɗin dala su wallafa abin da ke cikin ajiyarsu duk wata, akantoci masu rijista su duba, shugaban kamfani da mai kula da kuɗi su sa hannu da kansu ta yadda in ƙarya ce wuyansu ne, wanda tokin ɗinsa ya haura biliyan 50 kuma dole ya yi cikakken odit duk shekara. Amma fa wannan ta tokin ɗin dala ce, ba ta hau kan na zinare ko na gidaje ba. Turai ma suna da tasu, MiCA, ta fara aiki a 2024.

Dan_Dawanau

Salam. Ni ban san kirifto ba amma duk abin da kuke faɗa na gane shi sarai, don abin da muke yi kenan a kasuwa. Mutum ya kawo riɗi ko masara buhu ɗari biyar ya sa a sito, mai sito ya rubuta masa takarda, shi kuma ya ɗauki takardar ya je ya karɓi kuɗi a hannun wani Alhaji ya ce ga kayana can jingina. To takardar nan ita ce tokin ɗinku. Kuma wallahi na ga inda sito ɗaya aka nuna wa mutum uku, kowa an kai shi an buɗe masa ƙofa ya ga buhuna har rufi ya koma gida hankali kwance, sai da farashi ya faɗi kowa ya zo ɗaukar kayansa rana ɗaya sannan aka gane kayan mutum ɗaya aka ci kuɗin mutum uku da su. Kowannensu fa ya gani da idonsa. Shi ya sa wanda ya san kasuwa ba ya tsayawa a bakin ƙofa, zai sa a sauke layin gaba a shiga ciki, a soka buhun tsakiya da na ƙasa a ga abin da zai zubo, a rubuta sunansa a jikin buhunan, sannan ya sa nasa kwaɗon a ƙofar ko ya ajiye nasa yaron.

Hajiya ki tambaye su wa ke riƙe da makullin, in wanda ya buga takardar shi ne kuma mai siton shi ne kuma mai ƙirgawa, ki riƙe kuɗinki.

Akanta_Zariya

Alhaji ai abin da ka faɗa har Turawan ya ci. A Maris 2023 kasuwar ƙarafa ta Landan ta soke takardun wani ƙarfen nikel tan 54 da ke ajiye a wani sito a Rotterdam, da aka buɗe buhunan duwatsu ne a ciki, kuma kayan na bankin JPMorgan ne. A 2020 kuma a Wuhan ta ƙasar Sin kamfanin Kingold ya ci bashi ya ba da jinginar zinare tan 83, da aka gwada wasu sandunan sai ga tagulla an shafe ta da ruwan zinare. Babu tokin a duk biyun amma ciwon ɗaya ne. Shi ya sa a takardar masu zinare nake fara neman wurin da aka ce wani ya shiga ma'ajiyar ya ƙirga ya auna, ba wai an aiko wa akanta da lissafi ya kwatanta da wani lissafin ba.

Maman_Ilham

Allah ya saka muku da alheri, yanzu na fara gane inda gizo ke saƙar. To na gidajen fa? Na koma na duba tallan, hotunan gidaje ne masu kyau da bidiyo da satifiket na CAC, sun ce duk wata kashi kaza za a riƙa ba ka kuma ba ya raguwa. Ba su sa adireshin gidajen ba, da wata ta tambaya sai admin ya ce saboda tsaro ne. Matan gurup ɗin da yawa har sun fara biya, shi ne hankalina ya tashi.

Ummu_Khalil

Yar'uwa na gidaje ya fi na zinare wuya nesa ba kusa ba, kuma dole hankalinki ya tashi. Ni harkar takardun filaye nake yi, bari in faɗa miki yadda abin yake. Tokin ba ya mallaka miki gida, ba a Najeriya ba ba a Amurka ba. Abin da ake yi shi ne a buɗe kamfani, kamfanin ya sayi gidan da sunansa, ke kuma tokin ɗinki ya zama ɗan rabo a cikin kamfanin, to in takardar gidan ba sunan wannan kamfanin ba ne a kai, ko babu wata yarjejeniya a rubuce da ta ɗaure tokin ɗin da kamfanin, ba ki da komai da za ki kai gaban alƙali. A nan gida tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne, C of O, kuma sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. Saboda haka gidan da ake tara kuɗin jama'a a kansa dole yana da lambar fayil da za a je ofishin filaye a bincika, KANGIS in Kano ne, AGIS in Abuja ne, a ga sunan wa ke kai kuma ko yana jingine a banki. Wanda ya ɓoye adireshi ya hana ki wannan binciken kenan, maganar tsaro ba hujja ba ce, gidan haya ai masu haya suna ciki unguwa duk ta san shi.

Kuma kar ki ga kamar don a nan ne. A Detroit ta Amurka akwai kamfanin RealT da ya shahara da wannan sana'ar, mutane daga ƙasashe daban-daban suna sayen tokin ɗin gidaje na wajen dala 50 ana turo musu haya. A Yulin 2025 hukumar birnin ta maka su a kotu a kan gidaje sama da 400, tana zarginsu da barin gidajen su lalace da masu haya a ciki ga haraji ba a biya ba, 'yan jaridar garin kuma suka ruwaito cewa akwai gidajen da aka sayar da tokin ɗinsu alhali takardun ba su koma sunan kamfanin ba. Wanda yake zaune a Faransa yana ganin haya tana shigowa walet ɗinsa ina zai san rufi na yoyo? Abin da ya fi taɓa ni a labarin ma masu hayar ne, talakawa ne, mai gida ya zama mutum ɗari da ba su san juna ba, ba wanda za ka buga wa ƙofa.

Akwai kuma wanda gidajen suna nan da gaske amma duk da haka aka yi asara. USDR na kamfanin Tangible, an ce dala ɗaya ne kuma yawancin abin da ke bayansa gidaje ne a Ingila. A Oktoban 2023 mutane suka yi rububin cire kuɗi, ɗan tsabar da ke ajiye ya ƙare, ya rage sai gidaje, gida kuma ba ya sayuwa a yini ɗaya, sai tokin ɗin ya faɗo wajen rabin dala. Kenan bayan ki san kayan suna nan, sai ki san cikinsu nawa ne za a iya mayarwa kuɗi yau-yau.

Satifiket na CAC kuwa ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ne, shaida ce kawai cewa an yi rijistar suna, mai shagon provishon ma yana da shi. Hukumar da ke da wannan hurumin SEC ce, mai kula da kasuwar hannun jari, kuma dokar zuba jari da Tinubu ya sa wa hannu a Maris 2025 ta saka kadarorin dijital ƙarƙashinta, ta kuma tanadi ɗauri ga masu tsarin a karɓi na baya a biya na gaba. Ki shiga shafin SEC ki nemi sunansu a jerin masu rijista. Riba tsayayya duk wata da ba ta raguwa a kan gidan haya ma kanta abin tambaya ce, haya ai tana da watan da ɗaki yake zama babu kowa, ga gyara ga wanda zai ƙi biya. Mun ga CBEX a Afrilun 2025, mun ga MMM a 2016, mata nawa ne kuɗin adashinsu ya tafi. Don Allah ki tura wa matan gurup ɗin nan wannan bayanin ko da admin zai cire ki.

Sani_P2P

Ni fa ina ganin kuna tsaurarawa da yawa. Shekara nawa ana cewa USDT zai rushe ga shi nan har yau da shi muke biyan kaya a Chana, banki kuma ka je neman dala a ce ka dawo. Kuma USDC ɗin da ya bayyana komai ai bayyanawar ce ta jawo masa rububi, da sun yi shiru zuwa Litinin ba wanda zai sani. Bankunanmu ma wa yake karanta rahotonsu? Na gidajen nan dai na yarda a guje shi, amma manyan ba su da matsala, BlackRock, babban kamfanin zuba jarin nan na Amurka, da kansa ya shigo harkar tun 2024.

Akanta_Zariya

Malam Sani ba wanda ya ce kar a yi amfani da shi, ni ma ina yi. Amma kai kuɗinka awa nawa suke yi a USDT kafin ka tura wa mai kaya? Hajiya ajiya take so ta yi ta shekaru, haɗarinku ba ɗaya ba ne. Maganar da sun yi shiru kuwa ban yarda ba, da sun yi shiru manyan da ke da kunne a ciki su za su fara ficewa a bar ƙanana da ramin, da suka faɗi adadin kowa ya iya lissafa cewa abin da ya maƙale bai kai kashi goma cikin ɗari ba, shi ya sa faɗuwar ta tsaya inda ta tsaya. Banki kuma ko ba ka karanta rahotonsa ba CBN na karantawa, kuma NDIC na tsaya maka har naira miliyan 5 in ya rushe, tokin ba shi da wannan. Shi BlackRock ɗin da ka kawo, tokin ɗinsu BUIDL da suka buɗe shi a Maris 2024 mafi ƙarancin shiga dala miliyan 5 ne, kuma kayan ba a hannunsu suke ba, bankin BNY Mellon ne ke riƙewa, wato abin da Alhaji ya faɗa na raba mai takarda da mai makulli. Babban suna a jikin talla ma ba ya wadatarwa, a Yulin 2025 kamfanin cinikin hannun jari na Robinhood ya raba wa mutanen Turai tokin da sunan OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, sai da OpenAI ya fito ya ce wannan ba hannun jarinsa ba ne kuma ba da yawunsa aka yi ba.

Dalibi_Sakkwato

Assalamu alaikum, ku ba ni dama in ƙara ta ɓangaren addini tunda Hajiya zinare take magana, ni ɗalibi ne ba mai fatawa ba. Zinare yana cikin kayan da hadisin Ubada ɗan Samit ya ce sai hannu da hannu, kuma akwai hadisin Hakim ɗan Hizam da Manzon Allah (SAW) ya hana shi sayar da abin da ba ya wurinsa. Don haka sanin cewa zinaren yana nan kuma an ware miki naki, a wurinmu ya wuce maganar tsoron asara, ingancin cinikin kansa ya rataya a kai. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ta fitar da ƙa'ida ta 57 a kan zinare a 2016, ta yarda cewa karɓa ba lallai sai a tafin hannu ba, takardar mallaka tana iya tsayawa a matsayin karɓa, amma da sharaɗin zinaren ya zama an keɓe shi an san wanne ne, kuma a kammala a ranar cinikin. To tokin ɗin da zai nuna miki lambar sanda ya fi kusa da wannan sharaɗin a kan wanda zai ce miki kawai muna da zinare a wani wuri. Akwai kuma waɗanda farashin zinare kawai suke bi babu ko giram ɗaya a bayansu, wannan a kiyaye shi sosai.

Sannan a duba me ke kawo ribar. Da yawa daga cikin tokin ɗin da ake tallatawa da cewa suna ba da kashi huɗu ko biyar a shekara a kan dala, abin da ke bayansu takardun bashin gwamnatin Amurka ne, ribar kuɗin ruwa ce, in ba a bayyana ba mutum zai ci bai sani ba. Ku dubi sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fara a 2017 na naira biliyan 100, an lissafa hanyoyi 25 da za a yi da kuɗin, an kafa allo a bakin titunan, mai shakka zai iya shiga mota ya je ya gani. Wanda zai karɓi kuɗin musulmi da sunan kadara aƙalla ya yi irin wannan.

Hajiya in kin yanke shawarar saya, ki ɗauki takardun kamfanin ki kai wa malamin da ya san mu'amalar kuɗi ta zamani ya duba miki, kuma ki tambaye shi yadda za ki haɗa lissafin zakka, domin na waya da wanda kika ajiye a gida don tari haɗa su ake yi a ga ko sun kai nisabi, wajen giram 85.